Kurakuran da aka fi yi wajen kulle ƙaramin jirgin sama idan zai kwana a fili

Ƙaramin jirgi mai kujera huɗu irin Cessna 172, idan babu mai babu mutum a cikinsa, nauyinsa bai wuce kilo 750 da 'yan kai ba. Fukafukansa kuwa suna iya ɗaukarsa cike da mutane da zarar iska ta ratsa su da gudun kusan kilomita 90 a awa. Fiffike ba ruwansa da inda iskar ta fito, ko gudun jirgi ne ya kawo ta ko hadari. Wanda ya san irin iskar da ke rigan ruwan farko isowa a Bauchi da Gombe, tsakanin Afrilu da Yuni, wadda ke yaye kwanon gidaje ta karya turakun lantarki, ya san abin da ke jiran jirgin da aka bari a farfajiyar filin jirgin Durum na Bauchi ko na Lawanti na Gombe ba tare da shiri ba.

Kafin iska ta kai ga ɗaga jirgi, ta riga ta yi ɓarna a sassan da ke motsi. Su uku ne: eleron da ke bakin fukafukai, mai karkata jirgi dama ko hagu, elebeta da ke kwance a wutsiya, mai ɗaga hanci ko sunkuyar da shi, sai roda da ke tsaye a wutsiya, wadda ake juyawa da ƙafa. Idan aka bar su sake, iska za ta yi ta buga su kamar ƙyauren da aka manta ba a sa masa sakata ba. Kowane bugu yana sauka ne a kan hinji, da wayoyin da suka taho daga sitiyari, da 'yan ƙarafan da ke tsayar da motsin a iyakarsa. Abin tsoron shi ne yawancin wannan lahani a ciki yake, ido ba ya ganinsa da safe.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne na "ai yanzu zan dawo". Matuƙi ya sauka da azahar, sama tas, ya shiga gari cin abinci ko ganin wani, ya bar sitiyari sake. Hadarin ƙasar nan ba ya jiran kowa ya gama uzurinsa. Ko ma babu hadari, akwai iskar da manyan jirage ke fesowa daga injinsu idan suna juyawa, musamman lokacin jigilar alhazai, akwai kuma ta jirage masu saukar ungulu, ga shi Bauchi tana da sansanin sojan sama. Gyaran ba shi da wuya. Sakatar sitiyari ta shiga kafin ƙafarka ta taɓa ƙasa, ko da minti goma za ka yi.

Daga nan sai masu sa sakatar su ɗauka an gama. A Cessna 172, sakatar ƙarfe ce da ake zurawa ta ramin sandar sitiyari, tana riƙe eleron da elebeta kawai. Roda tana nan sake. Shi ya sa littafin jirgin ya ce idan ana tsammanin iska mai ƙarfi a ƙara mata matsi na waje, wanda ke haɗe ta da tsayayyen ɓangaren wutsiya. A Piper Cherokee kuma lamarin daban ne: littafinsa ya ce a zagaya bel ɗin kujera a sitiyari a ja ya kama, roda kuma haɗinta da tayar gaba ne ke riƙe ta. Diamond DA40, irin wanda ɗaliban kwalejin koyon tuƙin jirgin sama ta Zariya suka sani, tayar gabansa sake take, don haka makullinsa yana haɗa sandar tuƙi da fedar ƙafa a lokaci guda. Dabarar da ka koya a jirgi ɗaya kada ka ɗora wa wani. Buɗe littafin wanda ke gabanka.

Maganar bel tana bukatar a ɗan tsaya a kanta, domin mutane da yawa sun mayar da ita maganin kowane jirgi. Idan ka ja sitiyari baya har ƙarshe ka ɗaure, ka bar elebeta a sama ke nan. Iskar da ta zo ta gaba za ta danna wutsiya ƙasa, hanci ya ɗaga, fukafukai su ƙara kama iska, wato ka taimaka wa jirgin ya yi yunƙurin tashi a inda yake. Idan ta baya ta zo, sai ta shiga ƙarƙashin elebetar ta ɗaga wutsiya. A jirgin da maƙerinsa ya amince da bel, yi yadda ya ce, ka tabbatar an ɗaure wutsiya da igiya. A wanda yake da sakatarsa, bel na ranar da babu yadda za a yi ne.

Akwai kuskuren da na fi ganin na yankinmu ne, kuma littafin da aka rubuta a Amurka ba zai faɗa maka shi ba. An koya wa kowa ya juya hancin jirgi ya fuskanci iska. To wace iskar? Da damina, iskar da ke kaɗawa a hankali da rana yawanci daga kudu maso yamma take. Matuƙi ya dubi tutar iska, ya juya jirgi ya fuskance ta, ya tafi hankali kwance. Amma manyan hadaran Afirka ta Yamma daga gabas suke tasowa su nufi yamma, abin da kowane manomi a Dukku ko Darazo ya sani tun yana yaro. Sai iskar dare ta sami jirgin ta baya, inda ya fi rauni, domin an ƙera waɗannan sassa ne don iska ta bi su daga gaba. Saboda haka iskar da ake tsoro za a fuskanta. Da hunturu ma daga arewa maso gabas take. Kafin ka bar fili ka nemi hasashen NiMet, hukumar hasashen yanayi ta Najeriya, ka duba lambar da ke bin harafin G a rahoton iska, ita ce ƙarfin bugun da za ta iya yi. Idan wuraren ɗauri ba su ba ka damar juyawa gabas ba, matsin waje a roda da eleron ya zama dole.

Haka nan kada a ɗauka laɓewa bayan babban gini kariya ce a kullum. A watan Maris na 2017, a filin Willow Run da ke jihar Michigan ta Amurka, wani jirgin fasinja samfurin MD-83 da ya yi kwanaki a ajiye kusa da rumfar jirage ya kasa ɗaga hanci wajen tashi, ya zarce ƙarshen titi. Bincike ya nuna iskar da ginin ya hargitsa ce ta yi ta wurgi da elebeta har ɗaya ta maƙale. Mutum 116 ne a ciki, Allah Ya sa duk suka tsira. Idan hakan ta sami jirgi mai wannan girma, na kujera huɗu fa?

Ɗauri da igiya ba zan daɗe a kansa ba. Birki kaɗai ba ya isa, a sa waigi gaba da bayan tayoyi. A ɗaure a zoben da aka yi domin haka a ƙarƙashin fukafukai da wutsiya, ban da tsakiyar sandar da ke tallafe da fiffike, don tana lanƙwashewa. Hukumar jiragen sama ta Amurka ta ba da shawarar igiyar da za ta jure jan kusan kilo 1,360 ga jirgi mai inji ɗaya, kuma ta nailan ta fi, domin ta zaren tsiro tana tsukewa idan ta jiƙe. A bar sassauci kamar santimita 2 zuwa 3, a yi ƙullin da ba ya zamewa, ban da zarge. Tsohuwar taya da aka cika da siminti, jirgi zai ja ta ya tafi da ita. Turken da aka kafa a yashi kuma yakan tuge da zarar ruwa ya jiƙa ƙasa. Ranar nan tamu tana cinye igiya, wadda ta yi fari ta fara gashi a canza ta. Tunda kana wurin, ɗage filaf, wato sashen bayan fiffike da ake saukarwa wajen sauka, ka rufe bututun auna gudu, don zanzaro ba ya ɓata lokaci wajen gina gidansa a ciki.

Duk waɗannan ɓarnar dukiya ce a mafi yawan lokaci. Wanda ke cin rai shi ne tashi da makulli a jiki. Ranar 30 ga Oktoba 1935, sabon jirgin Boeing samfurin 299 ya faɗi jim kaɗan da tashi a filin Wright da ke Ohio saboda ba a saki makullin ba, mutum biyu suka rasu, kuma daga wannan hatsari ne al'adar bin jerin dubawa a rubuce ta kafu. A Disamba 1977 wani DC-3 ɗauke da 'yan ƙwallon kwando na jami'ar Evansville ya tashi da matsin waje a roda da eleron, mutum 29 suka mutu. A 31 ga Mayu 2014 wani Gulfstream ya ƙone a Bedford ta Massachusetts da mutum 7, kuma masu bincike sun gano cewa a tashi 175 da suka gabata, sau 2 kacal matuƙansa suka gwada sassan tuƙi gaba ɗaya. Ƙwararru ne, sabo ne ya cuce su.

Wannan ne ya sa nake adawa ƙwarai da sakatar da aka haɗa a gida. Ta asali ta ɓace, sai a zura ƙusa ko noti a ramin sitiyari, a ce ai aiki ɗaya suke yi. Ba ɗaya ba ne. Ta Cessna an yi mata jan faranti da ke rufe wurin makullin tayar da inji, yadda ba za ka iya kunna jirgi ba sai ka cire ta. Ƙusa kuwa tana ɓuya a bayan sitiyari, inji ya tashi lafiya, jirgi ya hau titi. Haka matsin katako na waje da ba shi da jan ƙyalle mai tsawo, ko wanda rana da ƙurar hunturu suka koɗar da ƙyallensa har ya saje da fentin jirgi. Duk abin da za ka sa, ya zama ba ya ɓuya. Ka san adadinsu, ka ƙirga su a hannunka bayan ka cire, ka ajiye su wuri ɗaya da idonka zai gani.

Mai gadi ko yaron fili mai son taimako yakan ƙara wani abu da dare idan ya ga hadari, da safe ya ce, "Kyaftin, na ƙara maka ɗauri a baya." Gode masa, ka roƙe shi ya riƙa faɗa maka kullum, sannan ka zagaya da kanka. Abin da hannunka bai sa ba shi ne wanda ba za ka tuna ka cire ba.

Idan jirgi ya kwana cikin iska, zagayen safe ya fi na kullum tsawo. Kama kowane sashe da hannu ka motsa shi a hankali, ka saurari ƙara, ka dubi hinji, ka nemi fatar da ta yamutse ko ribit da ya saki. Kafin hawa titi kuma, juya sitiyari dama da hagu har ƙarshe, gaba da baya har ƙarshe, ka taka feda biyun, kana leƙawa ta taga don ka ga kowanne ya tafi inda ya kamata. Idan ka ji nauyi, ko wani wuri ya cije, ko motsin bai kai inda ya saba kaiwa ba, kashe inji ka kira injiniya ya buɗe ya duba wayoyin kafin jirgin ya sake motsawa.