Waya, Data da Kiran Gida: Shawara ga Mai Barin Kaduna Zuwa Ƙasar Waje

Yawancin waɗanda suke zuwa wurina neman shawara kafin tafiya, ko ɗalibi ne mai zuwa Ingila ko Malesiya, ko ma'aikaciyar jinya da ta sami aiki a Saudiyya, ko ɗan kasuwa mai zuwa saro a Dubai, tambayarsu ba ta wuce ta biza da masauki da kayan sanyi. Ba kasafai ake tayar da batun waya ba, domin kowa yana ganin ya san wayarsa ciki da bai. Ni ma haka na ɗauka, har daren da na sauka a wani gari na arewacin Ingila cikin watan Janairu, ina tsaye a tashar bas da akwati biyu, adireshin masaukina yana cikin WhatsApp, batir kuma yana nuna kashi 30. Na ciro wayar daga aljihu da yatsun da sanyi ya ƙandarar, ina cikin neman saƙon sai fuskarta ta yi baƙi ƙirin. Ban haddace lambar kowa ba, ban kuma rubuta adireshin a takarda ba. A daren nan Hajiyarmu ba ta runtsa ba a Tudun Wada, tana zaune a kan darduma da carbi, tana aika ƙanena ya sake gwada lambata. Saboda haka kafin komai, a rubuta adireshin masauki da lambobi biyu ko uku a ƙaramar takarda, a saka ta cikin fasfo.

Abu mafi muhimmanci da za ka bari a baya ba tare da ka sani ba shi ne layinka na Najeriya. Mutane da yawa da zarar sun sayi sabon sim a can sai su cire na gida su jefa a ƙasan akwati, su manta cewa wannan layin ne yake haɗe da lambarsu ta BVN da ta NIN, kuma ta kansa banki yake turo lambar sirrin da ake buƙata kafin a tura kuɗi. A ƙa'idar hukumar sadarwa ta NCC, layin da ya yi wata 6 ba a yi kira ko tura saƙo ko sayen data da shi ba ana iya dakatar da shi, idan kuma ya ƙara wasu wata 6 a haka mai shi yana iya rasa lambar gaba ɗaya, a sake sayar da ita ga wani. Ka yi tunanin saƙon asusunka yana shiga wayar wanda ba ka taɓa gani ba. Maganin ba shi da wuya. Kafin ka hau jirgin ƙasa a Rigasa zuwa Abuja, ka je ofishin kamfanin layinka ka tabbatar an buɗe maka damar amfani da shi a ƙasar waje, ka kuma tambayi tsarin ajiye lamba, domin kamfanoni suna da shi, ana biyan kuɗi kaɗan a riƙe maka ita na tsawon lokaci. Idan ka isa can, ka bar sim ɗin a cikin waya don karɓar saƙon banki, amma ka kashe masa data ɗungurungum, lokaci zuwa lokaci kuma ka saka masa kati ta manhajar bankinka ka tura gajeren saƙo guda ɗaya. Kada ka amsa kira da shi sai da larura, domin a ƙasar waje har mai amsa kira ana cirar masa kuɗi. Ban ga hikimar barin layin a hannun wani a gida ba, ko da ɗan'uwa ne, saboda wanda yake riƙe da layinka yana riƙe da mabuɗin asusunka.

WhatsApp ɗinka ba zai canja ba don ka saka sabon sim, zai ci gaba da aiki da tsohuwar lambarka muddin akwai intanet, kuma barinsa a haka ya fi sauƙi ga dangi. Sai dai ka saka masa lambar tsaro ta mataki biyu, wato lambobi shida da kai kaɗai ka sani, ka haɗa da imel. Masu damfara sun fi farautar wanda aka san yana waje, domin idan suka ƙwace masa WhatsApp suka tura wa 'yan'uwansa saƙo cewa yana cikin matsala a turo kuɗi, ba wanda zai iya ƙwanƙwasa masa ƙofa ya tabbatar. Duk wanda ya kira ka, ko da da sunan ƙungiyar ɗalibai ko zauren unguwa, ya ce ka karanto masa lambobin da suka shigo maka yanzu, ɓarawo ne.

Ita kanta wayar sai an duba ta tun a gida. Da yawa daga cikin wayoyin hannu na biyu da ake sayarwa a shagunan titin Ahmadu Bello da cikin babbar kasuwa sun shigo ne daga Amurka ko Turai, wasunsu a kulle suke ga kamfani guda, an yi musu dabara ne kawai suka karɓi sim ɗinmu, kuma dabarar takan warware idan aka saka wani. Wayoyin iPhone da aka yi wa kasuwar Amurka, daga samfurin 14 na shekarar 2022 zuwa sama, ba su da wurin saka sim kwata-kwata, sai na cikin manhaja da ake kira eSIM. Mai zuwa Turkiyya kuma ya sani cewa wayar da aka shigo da ita daga waje tana daina karɓar layin ƙasar bayan kwana 120 idan ba a yi mata rajista ba, kuɗin rajistar kuwa yakan kai na sabuwar waya. Ga wanda zai daɗe a can, sayen wata a ƙasar ya fi.

Sayen sim a filin jirgi yana da sauƙi amma ya fi tsada, don haka wanda yake da mai tarbarsa ya jira ya shiga gari. A Ingila akwai layukan da ake biya wata-wata ba tare da yarjejeniya ba, irin su Lebara da Lycamobile da giffgaff, kuma su suka fi dacewa da baƙo, tun da biyun farko sukan haɗa da mintunan kiran ƙasashen waje, sai dai a karanta da kyau a ga ko Najeriya tana cikin jerin. Ina jan kunnen sabon zuwa game da yarjejeniyar wata 24 da ake ba da sabuwar waya a kanta. Tana da daɗin gani, amma bashi ce, kuma idan ka kasa biya sunanka zai shiga kundin masu bashi, ya dawo ya hana ka hayar gida daga baya. A Saudiyya manyan kamfanonin su ne STC da Mobily da Zain, kuma ba a ba da sim sai da fasfo ko iƙama, wato katin izinin zama, da zanen yatsa, saboda haka kada ka karɓi layin da aka yi wa rajista da sunan wani, kada kuma ka yi wa wani da sunanka.

Mu mutanen Kaduna ba baƙi ba ne wajen tattalin data, musamman tun da NCC ta amince da ƙarin kashi 50 cikin ɗari na kuɗin kira da data a farkon 2025. Abin da yake ruɗar baƙo a waje shi ne Wi-Fi. Yana samun sa a ɗaki da makaranta da masallaci, sai hannunsa ya sake, ya saba da kallon bidiyo mai ƙarfin hoto, ya manta cewa idan ya fita titi wayar ta koma kan datarsa ba tare da ta yi sallama ba. Awa ɗaya ta irin wannan bidiyo tana iya cinye fiye da gigabait 1, alhali kiran murya na WhatsApp bai cika kai megabait 1 a minti ba. Kiran bidiyo yana ninka wannan sau da yawa. A cikin saitin WhatsApp, a sashen ajiya da data, a kashe saukar da hoto da bidiyo da kansu, domin zaurukan dangi da na makarantar Islamiyya da na tsofaffin ɗalibai su ne suke zuƙe data cikin dare, a kuma kunna zaɓin rage data lokacin kira. Sabunta manhajoji da ajiye hotuna a intanet a bar su sai kan Wi-Fi. Taswirar garin da za ka sauka kuwa ka sauke ta cikin Google Maps tun kana gida, za ta nuna maka hanya ko babu sabis. Ɗalibi ya nemi eduroam, wato Wi-Fi na jami'o'i, a makon farko, domin da shi zai shiga intanet kyauta a jami'o'i masu yawa a ƙasashe daban-daban. Wi-Fi na filin jirgi da shagon shayi kuma ba wurin buɗe manhajar banki ba ne.

Batun batir a can daban yake da na gida. A nan damuwarmu ita ce a ɗauke wuta, a can wuta tana nan amma kai ne ba ka gida, kuma wayar tana aikin da ba ta saba ba: ita ce tikitin bas, ita ce taswira, ita ce mai nuna alƙibla da lokutan salla, wani lokaci ita ce katin biyan kuɗi. Taswira da hasken fuska su suka fi cin caji, sai kuma wurin da sabis yake da rauni kamar jirgin ƙarƙashin ƙasa, inda waya take ta faman neman layi, musamman mai sim biyu. Batirin wayoyin yanzu an yi shi ne ya yi aiki tsakanin digiri 0 zuwa 35. Sanyi yana rage masa ƙarfi na ɗan lokaci, shi ne abin da ya same ni a tashar bas, kuma da na sani na ajiye ta a aljihun ciki kusa da jiki da ba ta mutu ba. Zafi ya fi muni, domin lahaninsa ba ya warkewa, don haka mai zuwa Makka ko Dubai kada ya bar waya a gaban mota da rana, kada kuma ya yi mata caji a ƙarƙashin matashi. Barin caji tsakanin kashi 20 zuwa 80 yana tsawaita ran batir. Wanda batirinsa ya riga ya gaji ya canja shi a Kaduna, inda kuɗin gyara bai kai rabin na can ba.

Fulogi mai baki uku da muke amfani da shi yana shiga soket a Ingila da Malesiya da Dubai, amma a Jamus da Faransa da Turkiyya mai baki biyu zagayayye ne, a Amurka da Kanada kuma mai faɗi, ƙarfin wutarsu ma volt 120 ne. Yawancin cajar waya tana ɗaukar daga 100 zuwa 240, an rubuta a jikinta, saboda haka ƙaramin mahaɗi kawai ake buƙata. Fawabank kuma ba a saka shi a akwatin da za a auna, dole ya kasance a jakar hannu, kuma iyakar da kamfanonin jirgi suke bari ba tare da izini ba ita ce 100Wh. Mai 20,000mAh yana ƙasa da wannan, amma manyan nan da muke saye saboda rashin wuta, masu 40,000 zuwa 50,000, sun wuce, kuma ana iya karɓe su a wurin bincike. A bar wa mutanen gida, sun ma fi bukatarsa.

Kira ta intanet ba ko'ina yake shiga ba. A Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa saƙon WhatsApp yana tafiya amma kiransa a toshe yake, sai a yi amfani da manhajar da aka amince da ita kamar Botim. A ƙasar Sin WhatsApp da Facebook da Google duk a rufe suke, WeChat ake yi. Saudiyya ta sanar da sassauta takunkumin kira ta intanet a 2017, amma alhazai sun san kiran WhatsApp ba kullum yake shiga ba, shi ya sa da yawa suke komawa imo. Duk manhajar da za ka yi amfani da ita sai an saka ta a wayar gida ma, kuma wannan aiki ne da ya kamata ka yi da hannunka kafin ka tafi.

Nan ne inda nake ganin matafiya suka fi sakaci. Kira yana da baki biyu, kai kana kan Wi-Fi kyauta, amma kowane minti da ka yi ana cire shi daga datar wanda yake Kawo ko Unguwar Rimi, a wayar da wataƙila sai da aka kai ta shagon mai caji. Hajiyarmu ba za ta taɓa ce mini datarta ta ƙare ba, sai dai in ji muryarta tana yankewa, ina ta cewa, "Hajiya, kuna ji na?" ita kuma tana cewa, "Ina ji, Allah ya yi albarka, ka ci abinci dai ko?" alhali rabin maganata ba ta isa gare ta ba. Daga baya na gane, na fara saya mata data daga manhajar bankina duk farkon wata, na nuna wa ƙanena *323# don duba abin da ya rage, na kuma mayar da kiran bidiyo ranar Juma'a kawai, sauran ranaku murya. Idan sabis ya ƙi, saƙon murya ya fi dagewa a kan kira, domin yana jira har layi ya dawo, kuma tsoho yana iya sake sauraronsa sau goma. Baba kuwa ƙaramar waya yake riƙewa, ba ruwansa da intanet, don haka saboda shi nake ajiye mintunan kiran kai tsaye, in fara da +234 in cire sifilin farkon lambarsa.

Sai a daidaita lokaci. Saudiyya tana gabanmu da awa 2, Dubai da awa 3, Malesiya da Sin da awa 7. Ingila daidai take da Najeriya daga ƙarshen Maris zuwa ƙarshen Oktoba, sannan ta koma baya da awa 1, gabashin Amurka kuma yana bayanmu da awa 5 ko 6 gwargwadon lokacin shekara. Ka zaɓi lokaci guda da agogon Kaduna, misali bayan sallar isha'i, ka gaya wa mutanen gida tun kafin ka tafi, domin su san sa'ar da za su tanadi caji, su kuma san wanda za su kira a can idan kwana biyu suka wuce ba su ji daga gare ka ba.