Darasi na 9: Shara Kala Uku Ce

Ku karanta waɗannan kalmomi da ƙarfi, sannan ku rubuta su: shara, bola, kwata, leda, taki, gayya.

Idan uwargida ta gama shara da safe, me ta tara? Ƙasa da toka, ɓawon albasa, kashin awaki, ledar fiya wata, gwangwanin tumatir, wataƙila da tsinkakken silifas. Sai a haɗa duka a ba yaro ya kai bola. Shi kuwa yaro in ya ga bola da nisa, kwatar ƙofar gida ta ishe shi.

A raba ta uku tun daga tsakar gida.

Ta farko ita ce mai ruɓewa: toka, ɓawo, ganye, kashin dabbobi. Wannan taki ne. Manoman kewayen Kano sun daɗe suna shigowa birni da jakuna, su cika mangala da shara su kai gona. Mai ɗan fili ya haƙa rami, ya riƙa zubawa yana yayyafa ruwa, yana juyawa lokaci-lokaci. Cikin wata biyu zuwa uku za ta yi baƙi, ta koma kamar ƙasar fadama.

Ta biyu ita ce mai kuɗi. Ƙarfe, gwangwani, alminiyum da fasasshiyar roba, 'yan jari-bola suna saye a kan kilo. Alminiyum ɗin ne ake narkarwa a zuba tukunya da ludayi. A ajiye musu buhu guda a lungu. Amma robar maganin feshi, ko an wanke ta, kada a zuba mata ruwan sha ko man gyaɗa.

Ta uku ita ce fitinanniyar, wato leda. Ba ta ruɓewa. Akuya ta ci, ta cushe mata a tumbi, a ga tana ramewa ana zargin wata cuta. Ta toshe kwata, ruwa ya kwanta, sauro ya samu gidan haihuwa. Ruwan Agusta ya sauko ya rasa hanya, sai ya bi gindin katanga, ginin ƙasa kuwa ba ya wasa da ruwa. Wasu matan da leda suke hura gawayi. Wutar tana kamawa da wuri, ba musu, amma wannan baƙin hayaƙin a ƙirjin mai girki da goyonta yake sauka. Maganin leda a rage karɓarta: a tafi cefane da jaka, a aiki yaro wurin mai ƙosai da kwano mai murfi.

A Kano, Asabar ɗin ƙarshen wata ake tsaftar muhalli, daga ƙarfe 7 zuwa 10 na safe. Ku yi shawara da mai unguwa a fito gayya da shebur, manjagara da baro. Kuskuren da aka fi yi shi ne a yashe kwata a jibge dagwalon a bakinta. Ruwa ɗaya zai mayar da shi inda ya fito. In ya tsane, a kwashe a kai inda motar hukumar kwashe shara take ɗauka.

Aiki

1. Rubuta abu uku da ke zama taki.
2. A ce gidanku ana shan ledar ruwa 10 kullum. Leda nawa ke nan a kwana 30?
3. Gobe da safe ku raba sharar gidanku uku. Ku zo ku faɗa wa aji wace ta fi yawa.