Darasi na Tara: Jirgin Sama Mai Tambarin Giwa

Malami ya fara karanta wannan labari da ƙarfi, sannan ɗalibai su karɓa, kowa sakin layi ɗaya.

Dattawan cikinmu za su tuna jirgin nan fari da kore, mai hoton giwa da fukafukai. Shi ne Nigeria Airways. Asalinsa wani kamfani ne da Turawan mulkin mallaka suka kafa a 1946, mai suna WAAC, na tarayya tsakanin Nijeriya da Gana da Saliyo da Gambiya. Da Gana ta sami 'yancin kai sai ta ware. A 1958 Nijeriya ta kafa nata tare da wasu kamfanonin Ingila biyu, a 1961 kuma gwamnati ta saye hannun jarinsu duka.

Zamanin da kuɗin mai ke shigowa kamar ruwa, kamfanin ya yi ƙiba. Yana zuwa Landan da New York, yana kwasar alhazai zuwa Jidda. A shekarun 1980 jiragensa sun kai wajen 30.

Jigilar alhazan nan ta bar tabo. A watan Janairun 1973 wani jirgi da kamfanin ya ɗauko haya daga Jodan ya yi haɗari wajen sauka a Kano, mutum 176 suka rasu. A watan Yulin 1991 wani jirgin hayar ya kama wuta bayan tashinsa daga Jidda zai nufi Sakkwato, duk mutum 261 da ke ciki suka rasu. Allah Ya jiƙansu.

To, me ya karya kamfanin? Fasinja dai bai rasa ba. Ma'aikata sun yi wa jiragen yawa, ana yawan canza shugabanni, ma'aikatun gwamnati kuma su hau bashi su yi shiru. Har Turawan kamfanin jiragen sama na KLM na ƙasar Holan aka ɗauko a 1979 su gyara, suka yi shekara biyu suka tafi.

Amma inda ya kamata mu tsaya mu duba da kyau shi ne maganar canji. Kamfanin yana sayar da yawancin tikitinsa da naira, alhali kayan gyara da kuɗin haya da kuɗin sauka a ƙasashen waje duk da dala ake biya. A 1985 naira ɗaya ta ɗan fi dala ɗaya daraja. Da gwamnatin Babangida ta karya darajar naira a 1986, cikin shekara guda sai da naira huɗu ake samun dala. Mai shagon da ke saro kaya daga Kwatano ya san wannan ciwo: ciniki na nan yadda yake, amma kuɗin ba ya sake sayo rabin kayan. Ga kuma kamfanonin jiragen 'yan kasuwa irin su Kabo da Okada sun shigo suna raba fasinja da shi. Jirgi in ya lalace sai a jingine shi, a ciri kayansa a sa wa wani.

A 2003 gwamnatin Obasanjo ta rufe kamfanin, bashi ya yi masa katutu. Tsofaffin ma'aikatansa sun yi ta bin haƙƙinsu, wasu har suka mutu ba su karɓa ba. Sai a 2018 aka saki sama da naira biliyan 22 don rage musu.

Aiki

Rubuta waɗannan kalmomi sau uku a littafinka: hannun jari, haya, canji, bashi.

Daga 1958 zuwa 2003 shekara nawa ke nan?

A ce wata taya ta jirgi dala 500 ce. Naira nawa za a biya idan dala tana naira ɗaya? Idan ta koma naira huɗu fa?

Yanzu kawo littafin cinikinka, ko ka tuna da ka. Rubuta sunan duk wanda kake bi bashi, da adadin kuɗin, da ranar da ya karɓa. Haɗa jimla, ka zo da ita aji ranar darasi na gaba.