Idan zazzaɓin Lassa ya shiga ɗakin kwanan ɗalibai

Salamu alaikum 'yan uwa. Lokacin rani ne cutar nan ta fi tashi, musamman daga Disamba zuwa Maris, kuma ɓera ne ke yaɗa ta ta fitsari da kashinsa. Don Allah garin kwaki, shinkafa da sukarin da ake ajiyewa ƙarƙashin gado a zuba su cikin bokiti mai murfi.

Abin da ya fi damuna shi ne al'adarmu ta saka mara lafiya a mota a tura shi gida. Kada a yi haka. Idan abokin ɗakinka ya sha maganin maleriya kwana biyu ko uku zazzaɓi bai sauka ba, ga ciwon maƙogwaro da amai, kai shi asibitin makaranta nan take, ka kuma kira NCDC, hukumar yaƙi da cututtuka masu yaɗuwa ta Najeriya, a lambar 6232, kyauta ne. Maganin Ribavirin da ake ba masu Lassa ya fi aiki idan an fara shi da wuri.

Kada ka taɓa amansa, jininsa ko zanen gadonsa da hannu tsirara. Duk wanda ya yi jinyarsa ya ba ma'aikatan lafiya nasa sunan, domin za su bibiye shi, shi ma, har kwana 21.