Yadda Ake Gane Magungunan da Ake Samarwa Daga Halittu Masu Rai da Yadda Ake Kula da Su

Yawancin magungunan da aka saba sha, irin su asfirin, daga sinadarai ake harhaɗa su. Akwai kuma rukunin da likitoci ke kira bayolojik, wanda ba ya haɗuwa ta wannan hanya, galibi sai dai a raini ƙwayoyin halitta masu rai, na bakteriya ko yis ko dabba, su samar da shi, sannan a tace. Alluran rigakafi da magungunan da ake cirowa daga jini suna cikinsa, haka ma insulin na masu ciwon suga, wanda a da ake tatsowa daga jikin shanu da aladu, har zuwa 1982 da aka amince da irin wanda bakteriya ke samarwa.

Domin gane shi, a fara duba yadda ake bayar da shi. Galibinsu furotin ne, wanda ciki zai narkar kamar abinci idan aka haɗiye, shi ya sa ake yin su ta allura ko ƙarin ruwa. Sunan ma yakan nuna, domin da yawansu suna ƙarewa da "mab", kamar adalimumab na amosanin gaɓɓai da trastuzumab na ciwon dajin nono.

Ajiya ce ta fi buƙatar kulawa, kuma a nan ne ake yawan sakaci. Akasari ana ajiye su a firiji tsakanin digiri 2 zuwa 8 na ma'aunin Salshiyas, cikin kwalinsu saboda haske. Kada a bari su daskare, domin furotin ɗin da ya ƙanƙare yana iya lalacewa ko da ya narke ya koma kamar yadda yake a ido. Kada a girgiza kwalbar da ƙarfi, kuma idan launin ruwan ya sauya, a mayar wa mai harhaɗa magani.

Kafin a fara waɗanda ke sassauta garkuwar jiki, kamar adalimumab, wajibi ne a yi gwajin tarin fuka da ciwon hanta nau'in B, saboda cutar da ta kwanta a jiki tana iya farfaɗowa. Zazzaɓi bayan an fara maganin ba abin jinkiri ba ne, a sanar da likita nan take.

Tun da abu mai rai ne ke samar da su, wani kamfani ba zai iya kwaikwayonsu sak ba, sai dai ya yi makamancinsu da ake kira bayosimila, wanda Tarayyar Turai ta fara amincewa da shi a 2006 bayan gwajin da ya tabbatar aikinsa ɗaya da na asali. Saboda haka a riƙa rubuta sunan kamfani da lambar rukunin da aka sarrafa tare (batch number) da ke jikin kwali duk lokacin da aka yi allura, domin a san wanne aka karɓa idan wata illa ta bayyana.