Kurakuran masu karanta tsofaffin taswirorin tsibirin Hatteras

Kusan duk sabon shiga da ya zauna kwatanta taswirorin Hatteras, doguwar zirin yashin nan da ke gaɓar North Carolina a Amurka, hasumiyar fitila mai nuna wa jiragen ruwa hanya yake fara kamawa ya mai da ita turke. Wai ita ce ba ta motsi. To, ta motsa! A 1999 an ɗaga ta ɗungurungum, aka ja ta kusan mita 880 zuwa nesa da ruwa, domin teku ta kusa cinye gindinta, alhali lokacin da aka kunna ta a 1870 tazararta da gaɓa ta kai mita 450. Ka haɗa hasumiyar tsohuwar taswira da ta sabuwa, duk tsibirin zai goce maka, ka fito da lissafin zaizaya na banza. Na taɓa zubar da aikin da na daɗe ina yi saboda wannan, shi ya sa raina ke ɓaci in na ga ana maimaitawa.

Kuma wace hasumiyar ma? Akwai ta 1803, wadda aka rushe a 1871. Daga 1936 zuwa 1950 kuwa fitilar tana kan wata hasumiyar ƙarfe ce daban. Alamar fitila a takarda ba kullum take nufin ginin da ka sani ba. Ni sai na fara tabbatar da wacce ce, sannan in nemi mahaɗar hanya ko coci in ɗaure taswirar a kai.

Na biyu, lalacin duba ƙasan takarda. Tsofaffin taswirorin USGS, hukumar gwamnatin Amurka mai zana taswirorin ƙasa, da yawa a kan ma'aunin tantance wuri na NAD27 aka zana su, na'urar GPS kuwa WGS84 take bi. Bambancin gomman mitoci ne, ya isa ya sa ka zargi teku da cin ƙasar da ba ta ci ba. Haba, rubutun yana nan a kusurwa, ka karanta mana.

A taswirorin USGS ɗin, abin da aka buga da shunayya gyara ne daga hotunan sama, shekararsa daban da ta sauran taswirar.

Layin gaɓa yawanci inda ruwa ke kaiwa ne idan teku ta cika.

In ka rasa mashigar Oregon ko ta Hatteras ta yanzu (wato hanyoyin ruwan teku da suka ratsa zirin yashin) a taswirar da ta girmi 1846, kada ka zagi mai zane. Guguwar waccan shekarar ce ta huda su.