Daga Kaduna zuwa bakin teku: yadda ake ziyarar Lekki da Badagry

Mutumin Kaduna da ya sauka Legas don ganin teku kada ya haɗa Lekki da Badagry a yini ɗaya. Lekki tana gabas, Badagry can yamma kusa da iyakar Benin, cunkoson da ke tsakani kuwa sai ya cinye yinin. A ware kwana biyu, a kuma zaɓi rani, daga Nuwamba zuwa Fabrairu.

Gandun Lekki Conservation Centre, wanda aka kafa a 1990, fadama ce da kurmi mai faɗin hekta 78, ana ratsa ta a kan hanyar katako. Abin da ke jan mutane shi ne gadar sama mai tsawon mita 401, wadda ke lilo tsakanin itatuwa. A isa da safe a ranar aiki, domin Asabar da Lahadi layi ya yi yawa, kuma idan ruwa ya sauko ana dakatar da hawa. A sa takalmi sau-ciki, silifas na zamewa. Mai babbar riga ya naɗe ta, mai dogon hijabi ta tattare shi, saboda hannu biyu ake riƙe igiya. Abinci ya zauna cikin jaka a zuge: biran wurin sun saba da mutane, da sun hango leda za su fizge.

A Badagry a fara da benen da 'yan mishan suka gina a 1845 da barikin bayi na Seriki Abass, wani mai fataucin bayi na zamanin da, sannan a shiga kwalekwale zuwa tsibirin Gberefu, inda aka riƙa loda bayi a jiragen Turawa. A daidaita kuɗin zuwa da dawowa tun kafin a hau, kuma kada a zauna sai an ba kowa rigar kariya. Bayan an sauka akwai tafiyar ƙafa cikin yashi har bakin teku, inuwa kaɗan ce, a riƙe ruwan sha.

Iyo a Kogin Kaduna ba ya shirya mutum wa ruwan teku. Igiyar ruwan da ta bugi gaɓa tana komawa ta wani siririn lungu da ƙarfin gaske, sau da yawa a daidai inda ruwan ya yi kamar ya lafa. Wanda ta ja kada ya yi kokawa da ita ya nufi tudu, gajiya ce ke nutsar da mutane. Ya bi gefe, a tsawon gaɓar, har ya fita daga janta. Wanda bai iya iyo ba, iyakarsa idon sawu, yara kuma a riƙe hannunsu.